Baba Haliru Mai Jirgin Tungar Ɗanbaro

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Satumba 2025, cikin watan Maulidi, ina ɗakin shan magani a Wara ina awon masu juna biyu, aka leƙo aka ce mini jirgi ya kife a tafki, kuma Baba Haliru mai jirgin Tungar Ɗanbaro bai fito ba. Na ce wa mai kawo labarin ya sake bincikawa, don na san jirginka ba ya kifewa, Baba. Ya ce ai ba naka ba ne ya kife.

Shekara tara ke nan da na fara ganinka, Baba. An turo ni daga Yelwa ina sabuwar ma'aikaciyar lafiya, aka ce kowace Litinin zan riƙa ƙetarewa da akwatin allurar riga-kafi zuwa tungayen bakin ruwa. Ban taɓa shiga jirgi ba. Na tsaya a gaɓa na kasa shiga, fasinjoji suna ta dariya. Kai ba ka yi dariya ba. Ka karɓi akwatin, ka zaunar da ni a tsakiya, ka ce, "Ɗiyata, kar ki kalli ruwa, kalli tudun can. In jirgi ya karkata, kar ki miƙe. Miƙewar mutane ke kifar da shi."

A wannan tafiya ta awa ɗaya da rabi na koyi abin da ba a koya mini a makaranta ba. Ka nuna mini inda garinku na asali yake kwance a ƙasan ruwa tun lokacin da aka datse kogi kana yaro. Ka ce itatuwan da ruwan ya shanye ba su tafi ko'ina ba, kututturansu na nan tsaye, kuma idan tafki ya cika a ƙarshen damina sai su ɓuya, jirgi ya hau kansu ya tsage. Ka san su ɗaya bayan ɗaya: tsamiyar kasuwa, kiryar maƙabarta. Ka ce mai hankali da safe yake ƙetarewa, don bayan azahar iska ke tashi. Muka sauka a tungarku, rumfunan bunu da warin bandar kifi, ka kai ni gidanka, maiɗakinka Inna Delu ta shimfiɗa mini tabarma. Tun daga ranar, a ƙofar gidanka mata ke layi da jariransu.

A jikin jirginka akwai wani jan layi da ka shata da fenti. Da zarar ruwa ya taɓa shi, ba ka ƙara ko tunkiya. Na ga ranar da wani ɗan kasuwa ya yi maka magiya kan buhunan albasa da babur, ya haɗa ka da Allah, daga baya ya zage ka. Abin da ka ce masa kawai shi ne, "Sai gobe, Alhaji." Haka matasan matuƙa suka laƙaba maka Baba Sai Gobe. Ka sayo rigunan ruwa goma sha biyu, mutane suka riƙa zama a kansu suna cewa ajali ba ya jin riga. Fasinjojinka suka ragu, suka koma wajen masu lodi har baki. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Akwai ranar da ba mu taɓa maganarta ba ni da kai. Wata safiya Lubabatu matar Zaidu masunci ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Jirginka ya riga ya cika da masu zuwa kasuwa. Ka sauke su duka da kayansu, muka kwantar da ita a ciki tare da jaririyarta. Ina danne da cikinta, kai kana ba inji wuta iya ƙarfinsa. Mun wuce rabin tafki ta cika a hannuna. Ka rage wuta, ka dube ni.

"Mufida, mu koma?"

Na ce jaririyar ba ta numfashi sosai, mu ci gaba. Ka cire rawaninka ka miƙo mini na rufe fuskar Lubabatu, ka mayar da kan jirgi Wara. Da yamma kai ka dawo da gawar, kai ka sanar da Zaidu. Yarinyar, Hasiya, bana ta shiga aji ɗaya.

Waɗanda suka tsira ranar Talata sun ba ni labarin yadda abin ya faru. Jirgin wani matuƙi mai suna Nasiru ya taso daga kasuwa bayan azahar, ɗauke da mutane da buhuna fiye da ƙarfinsa. Ya doki kututture, ya buɗe, mutane suka miƙe gaba ɗaya. Kai ka riga ka sauke naka fasinjojin, kana wanke jirgi a gaɓa, ka hango. Ka isa wurin kai kaɗai, ka watsa musu rigunan nan goma sha biyu, har da wadda ke jikinka. Ka jawo mutum bakwai da gora. Na bakwai ɗin Nasiru ne. Sannan ka ga wata mata da goyo tana nitsewa nesa da inda gorar ke kaiwa, ka faɗa ruwa, kana da shekara sittin da biyar. An ce ka turo ta har jikin jirgi, aka kama hannunta. Da aka juyo domin a kama naka, ba ka nan.

Ranar Alhamis masunta suka same ka cikin kainuwa. A bakin ruwa aka yi maka sutura, kai da mutum goma sha ɗaya. Na ƙetare na je gaisuwa. Nasiru na zaune a bayan zaure, ya kasa shiga cikin mutane, ya kasa tafiya. Inna Delu ce ta aika masa da tuwo. Da na dube ta, ta ce, "Shi ma wanda Malam ya fitar ne. In na kore shi, na zubar da aikin Malam."

Ya Allah, ga bawanka Haliru ya zo gare Ka. Malamai sun gaya mana wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai. Ka karɓe shi a cikinsu. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Delu, da 'ya'yansa Shu'aibu da Aishatu, da Sarkin Ruwa, da dukan jama'ar Tungar Ɗanbaro. Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi.

Ina kuma gaisuwa ga gidaje biyu da har yau ba su samu gawar da za su binne ba. Masu nema sun gaji sun koma gida. Ubangiji, Kai Ka san inda suke kwance. Ka yi musu rahama a can. Mu kuma, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.