Baffa da Gurguwar Saniyarsa a Majigi

Shekarar da na yanke shawarar cewa ni darakta ne, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Dutse, ina zaune a Yalwawa. Sabuwar waya ce ta jawo mini. Mai shagon ya ce kyamararta ta fi idon mutum gani, ni kuma na yarda. Ana cikin haka wasu matasa suka shelanta cewa za su yi bikin nuna gajerun finafinai da finafinan sababbin hannu, kwana uku, a wani zauren taro a cikin gari. Sharaɗin shiga guda ne: kada a ce ka taɓa yin fim. Tun da nake ban taɓa cika wani sharaɗi cikin sauƙi irin wannan ba.

Saura jarumi. Sai na tuna da Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ke wani ƙauye a bayan Jahun yana noman gero da kiwon 'yan shanunsa. Dogon mutum ne mai irin fuskar nan da ko barka ya zo yi maka sai ka zaci ta'aziyya ce. Ranar Asabar na shiga mota, na tarar da shi zai kai shanu mashaya.

Na ce, "Baffa, ba wani aiki ba ne. Tafiya kawai za ka yi a bayansu kamar kullum."

Ya ce, "To in kamar kullum ne, me ya taso ka daga Dutse?"

Sau tara na sa shi ya bi hanya ɗaya. Na farko yatsana ya rufe kyamarar. Na biyu wani jaki ya gitta. Sauran ban ma tuna dalilansu ba, sai dai na ji an ce manyan daraktoci ba sa gamsuwa da wuri. Da na koma gida na kunna, ba abin da ake ji sai hucin iska da maganganun da Baffa yake faɗa a kaina, waɗanda ba za su saurarun ba a gaban jama'a. Sai na cire sautin gaba ɗaya. Aka sami fim na minti goma sha biyu: dattijo yana bin shanu, wata farar saniya tana ɗingishi a can baya. A takardar shiga gasar, wurin bayani, na rubuta cewa shiru shi ne harshen wannan fim. Na karanta jimlar sau uku, ta burge ni ƙwarai.

An rubuta za a buɗe taro ƙarfe goma na safe, saboda haka aka fara bayan azahar. Babban baƙo bai zo ba, ya aiko wakili, wakilin ma ya aiko nasa. Wannan bawan Allah ya tashi ya karanta shafi guda da rabi a kan muhimmancin noman rani kafin ya gane jawabin wani taron ya ɗauko. Muka tafa masa sosai. Daga nan aka lura cewa rana tana shigowa ta tagogi, ba a ganin komai a allon majigin, sai aka bazama maƙwabta aron tabarmi da zannuwan gado aka toshe ko'ina. Duhu ya samu, iska ta tafi. Muka zauna muna kallon fasaha muna tsiyayar gumi.

Na ga abubuwa a ranar. A wani fim na ga fatalwa ɗaure da agogo, tana duba shi kuwa. Na ga fim ɗin farko na wani matashi, awa biyu da rabi, shi ne darakta, shi ne jarumi, shi ne likitan da ya ceci jarumin, a ƙarshe kuma ya miƙa godiya ta musamman ga kansa. Amma akwai wata yarinya daga Aujara da ta yi fim na minti shida a kan kakarta mai dakan daddawa. Da ya ƙare, zauren gaba ɗaya ya ɗauki tafi. Na ji haushinta har cikin raina, domin nata ya yi kyau da gaske.

Nawa rana ta biyu ne. Ban gayyaci Baffa ba, kuma ina da dalilaina. Ashe matata ta faɗa wa 'yarsa a waya. Ina tsaye a bakin ƙofa ina gyara hula, sai ga a-daidaita-sahu ya sauke shi, da farar riga da sandarsa. Ya wuce ni kai tsaye ya zauna a kujerar gaba mai laushi, wadda aka ajiye wa babban baƙo. Masu shirya taron suka dubi fuskarsa, suka dubi sandar, suka bar shi.

Aka kashe fitila, fim ɗina ya fara. Shirun da na ce shi ne harshensa bai kai minti ɗaya ba.

"Waccan mai jan wuyan an sayar da ita," in ji Baffa, da muryar da ya saba kiran shanu da ita daga nesa. "Wannan kuma harbi take yi, kada ku ga ta yi laƙwas."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da uwar kowacce da halinta. Mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa, daga baya suka saki jiki. Ni kuwa na nutse a kujera ina roƙon Allah ya sa janareto ya mutu. Ranar farko sau huɗu ya mutu. A kan fim ɗina ko tari bai yi ba.

Bayan an kunna fitila aka kira wani Dakta, masanin finafinai da aka ɗauko daga wata jami'a, ya yi sharhi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ya daɗe bai ga aiki mai zurfi irin wannan ba. Gurguwar saniyar nan, in ji shi, talakan ƙasar nan ce, wanda aka bari a baya. Murtukewar fuskar dattijon kuwa baƙin cikin makiyayi ne da zamani ya cinye masa burtali. Cire sauti kuma jarumta ce, domin an nuna wanda ba shi da murya. Wallahi ina jin haka na ɗago kai, har ina gyaɗa shi kamar dama abin da na nufa ke nan.

Sai wata daga cikin masu shirya taron ta ce, tunda ga jarumin a zaune, a ba shi makirufo. Na yi mata alama da ido, ba ta gani ba.

Baffa ya riƙe makirufon nesa da bakinsa, ya yi sallama, ya juya wajen Dakta.

"Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma saniyar nan ba talaka ba ce. Ƙaya ta taka, kofaton ya kumbura. Fuska kuwa, kai ma a sa ka bi hanya ɗaya sau tara da tsakar rana, shanunka suna jin ƙishi, mu ga taka. Maganar murya kuma, ina da ita. Na yi magana sosai ranar nan. Ɗan nan ne ya goge, ya kuma san abin da ya sa."

Zauren ya kece. Har mai kula da majigi sai da ya kwanta a kan teburinsa. Dakta ya jira aka lafa, ya mai da tabaransa, ya ce ai wannan shi ne ainihin abin da yake faɗa, wato ma'ana hawa biyu ce. Aka sake tafa masa. Tun daga ranar na san ilimi ba ya faɗuwa ƙasa, ko an ture shi.

Rana ta uku aka raba kyaututtuka. Yarinyar Aujara ta ɗauki ta ɗaya, wanda ya dace, ko da yake ban tafa da ƙarfi ba. Gwarzon jarumi kuwa, alƙalai baki ɗaya suka ba Baffa, mutumin da bai san an yi wasa ba balle ya yi. Ni aka ba ni takardar shaidar halarta irin wadda aka ba kowa, har da mai sayar da zoɓo a bakin ƙofa, an kuma rubuta sunana ba daidai ba. Wata likitar dabbobi da ta zo kallo ta tsayar da Baffa ta yi masa tambayoyi a kan kofaton, ta rubuta masa sunan magani. Iya amfanin da fim ɗina ya yi wa al'umma ke nan, a iya sanina.

Da la'asar na raka shi tasha. Ya shiga gaban motar Jahun, ya ɗora allon kyautar a cinya kamar an ba shi ajiyar kayan wani. Ina jiran ya ƙarasa mini faɗan da ya fara a zaure. Sai ya dubi gilashin motar ya ce:

"Ban taɓa ganin bayana ba sai jiya. Ashe tafiyar yayana nake yi. Har yadda yake karkata kafaɗar hagu."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina. Na kalli fim ɗin nan ya fi sau hamsin ina gyara, ban lura ba.

Ya ce, "Ka sa wa ƙanwarka ta wajena shi a wayarta. Goggonka za ta so ta gani."

Na ce to, Baffa. Direba ya tayar da mota, na matsa gefe na ba su hanya.