Jikan Madugu a Laburaren Bawku

Shekara goma sha biyar na yi ina rubuta littafi a kan fataucin goro na Salaga, amma da baki. Duk malamin da ya taɓa zama da ni a ɗakin hutun makarantar da nake koyarwa ya san da littafin nan, wasu har sun haddace sunayen babobinsa. Babi na uku a kan kakana ne, wanda nake gaya wa kowa madugu ne, mai jan ayari daga Gwanja har ƙasar Hausa. In aka tambaye ni yaushe littafin zai fito, amsata ɗaya ce: Turawa sun kwashe duk abin da aka rubuta a kanmu sun kulle a ƙasarsu. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. In na nemi wata maƙala a waya, shafin farko kawai ake nuna mini, sauran sai mai rajista. Ina ƙaunar shafin farkon nan ƙwarai, don shi nake nuna wa mutane su tausaya mini.

Ƙanwar matata ce ta ɓata mini shiri. Ita ke riƙe da laburaren wata kwaleji a Bawku, mace ce mai shekara arba'in da wani abu, kuma tun ranar da na auri yayarta ba ta taɓa raga mini ba. Ta zo Salaga suna, ta same ni a tsakar gida ina yi wa baƙi bayanin zaluncin da ake yi wa masu bincike irina. Ta bari na kai aya, sannan ta ce kwalejinsu ta yi rajista da wata taska ta intanet mai ɗauke da mujallun tarihi da harsuna da zamantakewa, tsofaffi da sababbi, kuma duk wanda ya zauna cikin laburaren zai iya buɗe su daga farko har ƙarshe.

"Masta, hutu ya kusa," in ji ta. "Ka zo. Kujera ɗaya taka ce har kwana uku."

Baƙi suka taya ni murna. Na yi godiya da muryar wanda aka ce gobe za a cire masa haƙori. Matata ce ta haɗa mini jaka da kanta.

Motarmu ta tsaya a tashar Yendi, inda goggona take, autar ɗakin su babana, wadda ta haura tamanin. Gidanta bai kai tafiyar minti goma daga tasha ba. Ban sauka ba. Na sayi doya soyayya ta taga, na ce wa kaina mai babban aiki a gaba ba ya tsayawa gaishe-gaishe. Muka wuce ta Nalerigu, muka gangara dutse, muka isa Bawku da la'asar.

Washegari ƙanwar matata ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta nuna mini gurbin da ake rubuta abin da ake nema. Na buga Salaga da yatsa ɗaya. Abin da ya fito ya sa na gyara zama. Shafi bayan shafi, ɗaruruwan maƙaloli, kowace a buɗe take, ba mai tare ni. Na buɗe ta farko, na karanta sakin layi biyu, Turancin ya yi mini nauyi kamar danƙararren tuwon jiya. Ta biyu da Faransanci take. Ta uku rabin kowane shafi ƙananan rubutu ne a ƙasa. Sai na tambaye ta ko ana iya kwafe su a tafi da su gida. Ta ce ana iyawa, ta nuna mini.

A nan na gano baiwata. Kwana uku ina kwafa. Na buɗe ma'aji na sa masa suna Goro, na buɗe wani na ce Muhimmai, wani kuma Muhimmai Ƙwarai. Na kwashi na Salaga, na Yendi, na Gambaga, har da wata a kan masunta a wani tsibiri da ban san inda yake ba, don kawai kalmar kasuwa ta fito a ciki. Ɗalibai na wucewa suna rage murya, ganin dattijo da tabarau ya duƙufa. Ko azahar sai an taɓa ni nake tashi.

Rana ta uku ta zo ta tsaya a kaina, ta tambaye ni wacce ta fi amfanar da ni a ciki. Na ce ina kan auna su tukuna. Ta zaɓi guda ɗaya a kan hanyoyin fatake, ta buga mini ita a takarda, ta ce in karanta a mota. Na naɗe ta na tokare kaina da ita a jikin taga, na yi barci har Gushegu.

Da dawowa na sauka a Yendi, ba don zumunci ba, don ina neman wanda zan yi wa burga. Na sami Goggo a kan tabarma tana tsince wake. Bayan gaisuwa na zaro ɗan filashin da na zuba komai a ciki, na ce mata duk ilimin duniya a kan garinmu yana cikin abin nan. Ta juya shi a tafin hannunta, ta mayar mini, ta ce to in karanta mata wani abu. Dole na warware takardar da na yi matashi da ita, na fara karantawa a karon farko, ina fassara mata. Ta saurari sunayen zangunan, ta gyara mini furucin biyu, ta ce akwai wata rijiya tsakanin wasu garuruwa da ba a ambata ba. Don in dawo da martabata, sai na ce ina da yaƙinin in na bincika sosai zan ci karo da labarin mahaifinta, madugu.

Ta yi dariya har sai da ta yi tari.

"Kai ɗan nan, wa ya ce maka Baba madugu ne?"

Da alama ni na naɗa shi, tun ina aji huɗu, ranar da wani ɗan ajinmu ya ce kakansa limami ne.

Ta ce aikin Baba a ayari shi ne kula da huhun goro. Duk bayan 'yan kwanaki zai kwance huhu, ya sauya ganye, ya yayyafa ruwa, ya bi goron ɗaya bayan ɗaya yana tsame wanda sankara ta shiga kafin ya lalata sauran. Ba ya buƙatar fasawa, da ya ɗauka a hannu ya sani. Madugai biyu sun taɓa ɓatawa a kan wanda zai tafi da shi. Ta ce ƙafarsa ta hagu ba ta da farce ko ɗaya saboda tafiya, kuma har ya rasu bai taɓa cin goro ba, wai ɗaci.

Birona ya ƙi rubutu, na ari fensir a maƙwabta. Ban zo da littafin rubutu ba, sai na juya takardar laburare na cika bayanta. Kwana huɗu na yi a Yendi maimakon awa biyu, ina tambaya tana ba ni amsa, in na yi tambayar wauta ta ce in sake tunani.

Ranar da zan tafi ta aike ni kasuwa in sayo mata goro biyar. Na tsaya gaban mai goro na daɗe ina juya su a hannu, ina sauraron jinin kakana. Na zaɓo manya, jajaye masu sheƙi. Ta karɓa, ta fasa su ɗaya bayan ɗaya a gabana. Uku sankara ta cinye cikinsu. Ta ware biyun masu kyau ta ƙulle a bakin zane, ta ce in gaida mutanen gida, kuma in zan dawo in bar matata ta yi sayayyar.