Dargaza Mai Ɗaurin Fata

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni na manta, har da waɗanda ya kamata in riƙe. Amma shekarar da na yi ta yawo a daji ina neman itacen baka, wannan kam sai dai in an rufe ni da ita. Har yau in ta faɗo mini ina cikin aiki, sai in ajiye sifana in yi shiru, har mai babur ya tambaye ni ko lafiya.

Mahaifina shi ne Sarkin Baka na ƙauyenmu, can wajen Beri, wato shugaban maharba. Ubansa ma shi ya riƙe kafin shi. Ni kuwa tun ina ƙarami kawuna ya ɗauko ni zuwa Kontagora wai in yi boko. Bokon bai yiwu ba, ban gama sakandare ba na koma gyaran babur. Ka ga ke nan ban zama ma'aikaci ba, ban kuma zama maharbi ba. Gida sai da salla, in gaida tsoho, in ci tuwo, in hau babur in juyo. Wanda ya zauna da shi yana riƙe masa kwari shi ne ɗan baffana, wanda na girma da kaɗan.

Tsohon ya rasu bayan girbin dawa. Da aka yi sadakar arba'in sai dattawan maharba suka kira mu a gindin tsamiyar ƙofar gida. Babbansu, wani tsoho mai ido ɗaya, ya ce sarautar ta gidanmu ce, ba mai kai ta wani wuri, amma mu biyu ne, rawani kuwa ɗaya.

Ya ce, "Ba ma naɗa mutum da bakan gado, ko na aro, ko na kasuwa. Kowa ya shiga daji ya yanko itacensa da hannunsa, ya busar, ya sassaƙa. Ranar buɗe farautar baɗi ku zo ku ɗaura tsirkiya a gabanmu ku harba."

Ni ba na iya riƙe magana. Na ce, "Baba, yanzu da ɓarayin daji ke yawo da bindiga mai jigida, wa yake ta baka?"

Ya ce, "Wanda ke son a kira shi Sarkin Baka."

Aka yi dariya. Na haɗiye. Gaskiya ina son sarautar, ba don wani abin da ake samu a cikinta ba, babu komai sai kiran taro da rabon rigima. Ubana ne ya riƙe, ni ne ɗansa namiji tilo, kuma ba na son a ce ta bar ɗakinmu a kaina.

To, daga nan ruɗani ya fara. Na sayi goro na koma wurin mai ido ɗaya na ce wane itace zan yanka. Ya ce kanya. Na ji daɗi, na tashi zan tafi, sai ya ce amma ban da wadda ta fito a kan suri, ta cika taurin kai, ban da ta bakin ruwa, ta cika sanyi.

Na ce, "To Baba, ina kuma kanya ke fitowa in ba nan ba?"

Ya ce, "Ai shi ya sa ake nema."

Na je wurin wani dattijon na gaya masa an ce kanya. Ya tofar da yawu ya ce kanya ta masu sassaƙa ƙotar fartanya ce, in nemi gora, namijin, wanda cikinsa ba rami, in yanka lokacin da babu farin wata. Ban san ana samun namiji da mace a gora ba sai ranar. A kasuwar Kontagora kuma akwai wani mutumin Dukku mai sayar da kwari da baka, Hausarsa da nauyi. Shi ya ce duk su biyun tsufa ya kama su, marke shi ne itace. Da na matsa masa ya ce in gaskiya nake so, babu kamar dargaza, sai dai ba zan samu ba, domin dargaza miƙaƙƙiya mai tsawon mutum ba ta tsayawa haka kawai a daji. Kamar duk wannan bai isa ba, wani mai kawo mini gyara ya nuna mini a wayarsa yadda Turawa ke manna siraran katako da gam su yi baka. Na koma gida kaina kamar an juye kwalin kusoshi a ciki.

Ran nan na rufe shago na ɗauki gatari na tafi ƙauye, na bi rafi. Ina kallon kowane itace, kowane kuma sai in ji muryar wani tsoho na cewa ban da wannan. Rana ta take na iso bayan tsohuwar mashayar shanu, inda rafin ya yi kwana. A cikin duhuwar nan na gan ta. Dargaza, a miƙe sambal kamar an ja zare, kaurinta bai fi damtsen hannu ba, ba reshe ko ɗaya har sama da kaina. Ko ni da ban san komai ba na san wannan ita ce. Na ɗaga gatari ke nan sai idona ya sauka a gindinta. An ɗaura mata wata tsohuwar fata, ta yi baƙi, da wani irin ƙulli, har ɓawon itacen ya fara haɗiye ta.

A gari na taɓa ganin an tono irin wannan ƙullin a ƙofar shagon wani maƙwabcina da kasuwa ta juya wa baya, kowa ya ce sammu ne. Nan take na ce wato ɗan baffan nan nawa ya san zan biyo nan, ya kafa mini abu, in sara hannuna ya shanye. Ban tsaya na tambayi kaina yadda fatar da aka ɗaura bana za ta nutse cikin ɓawo ba. Na yi ta karanto abin da na iya, na ja da baya, na bar wurin.

Da na iso gida na tarar da ɗan baffana a zaure yana murza tsirkiya a cinyarsa. Ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya bakanike. An samo itacen, ko a sifirin mota za a ɗaura?"

Na ce, "Ka yi dariyarka. Na ga abin da ka ɗaura, kuma bai kama ni ba."

Ya ce, "Me na ɗaura?"

"Kada ka raina mini hankali. A dargazar nan."

Hannunsa ya tsaya a kan cinyar. Ya ce, "Wace dargaza?"

Ni da bakina, don in nuna masa na kama shi dumu-dumu, na kwatanta masa wurin tiryan-tiryan. Mashaya, kwanar rafi, duhuwa, komai.

Ya ce, "Tsumma ne ko fata?"

Na ce, "Kai za ka tambaye ni? Fata!"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Na fita ina jin na yi nasara. Na ɗauka kunya ce ta kama shi.

Tun da ban san maganar wa zan bi ba, sai na bi ta kowa. Na yanko gora, na yanko marke, na yanko kanya, na ɗauro a babur na kai Kontagora na rataye a saman murhun matata don hayaƙi ya busar da su. Kullum sai ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai ajiye itace a kan wuta ya hana a hura ba. Kafin damina ta fita ƙwari sun cinye goran, in ka taɓa sai gari ya zubo. Marken na sassaƙa, amma ko na taka da ƙafa ba ya lanƙwasa. Saura kanya. Tana da wani ɗan ƙulli a sama da mariƙi, na goge shi da sanfefa ya yi sumul, na shafa mai, na ce shi ke nan.

Ranar buɗe farauta aka taru a fili bayan gari, aka ɗora kabewa a kan suri. A matsayina na babba ni na fara. Na ɗaura tsirkiya lafiya lau, har na ji wani ya ce ashe ɗan gari ya yi abin kai. Na ɗora kibiya na ja. Ban kai kunne ba na ji ƙas! Bakan ya rabu daidai wurin ƙullin, guntun sama ya dawo ya fasa mini goshi. Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Ɗan baffana ya kwance nasa daga cikin buhu. Ya ja, bakan ya lanƙwashe kamar ana lallashinsa, kibiya ta tafi ta shige kabewa. Mai ido ɗaya ya miƙa hannu ya karɓa yana jujjuyawa. Sai ya tsaya a mariƙin, ya matso da shi kusa da idonsa. Tsohuwar fatar nan ce ta gindin dargaza, ɗan baffana ya ciro ta ya naɗe a wurin.

Tsohon ya ce, "Wannan ɗaurin marigayi ne."

Dattawa suka hau salati, wasu na share ido. Ni ina tsaye jini na bin hancina, ban gane komai ba. Sai a nan na ji abin da kowane maharbi ya sani ban da ni. Ashe maharbi kan zaɓi ƙaramar dargaza a ɓoye ya ɗaura mata alamarsa, kowace shekara ya je ya sare rassan gefe don ta tashi a miƙe, ya raine ta saboda wanda zai gaje shi. In lokaci ya yi ya kai shi ya nuna masa.

Na ce da ƙarfi, "Ni na fara ganin ta!"

Tsohon ya ce, "Ka gani. Ka yanka?"

"To don me ba ku gaya mini ba? Goro nawa na kawo muku?"

Ya ce, "Itace ka tambaye mu, muka gaya maka itace. Wancan uba ke nuna wa ɗa. Mu ko inda take ba mu sani ba."

A gabana aka naɗa wa ɗan baffana rawani.

Da la'asar na shiga wurin goggona, ƙanwar mahaifina, tana tsince wake. Ta dubi goshina ba ta ce sannu ba. Na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, wa tsoho ya raina wa itacen nan, ni ko shi.

Ta ce, "Kai dai har yanzu kanka bai daina bugawa ba. Kullum suna tare a daji, shekara da shekaru. Da nasa ne, me zai hana ya nuna masa? Ko da ƙafar ubanka ta gaza, shi kaɗai yake dogara sanda ya bi rafin nan. Kowace salla sai ya ce bana in ka kwana zai kai ka wani wuri. Kai kuwa ko hannu ba ka gama wankewa ba ka tada babur."

Har yau ɗan baffana ne Sarkin Baka, kuma yana riƙe da sarautar yadda ya kamata, wannan ma wani abin haushin ne. Muna gaisawa. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Wata rana in ce shi ne macuci, wata rana in ce dattawan ne da suka bar ni ina ta zagaye, wata rana in ce tsohon ne, ai da ya buɗe baki ya faɗa ko a tsaye ne.

Abin da dai na koya shi ne, in ka ga abin da ba ka gane ba, kada ka yi saurin kiransa mugun abu, kada kuma ka je kana zazzage shi a gaban wanda kuke neman abu ɗaya. In kuwa tsohonka na da rai, ran da ka je gaishe shi, kashe babur ɗin ka kwana.