Na San Ciwon Motar, Na Faɗi Wani

Ni ɗan Madarumfa ne, kuma tun ina lakwal, wato makarantar boko, ba a san ni da surutu ba. In mushe, wato malaminmu, ya yi tambaya nakan san amsar, amma in bar wani ya ɗaga hannu. Da karatu ya tsaya mini saboda rashin hali, kawuna ya kai ni garejin wani tsohon makaniki da kowa ke kira Baba. A can na tsinci littafin Faransanci na injin gazuwal, wato dizal, baƙin mai ya cinye bangonsa. Sau uku na karance shi.

Ba yabon kai ba, cikin shekara biyu babu mai kunnena a garejin. In mota ta zo tana kakkarwa a tsaye, ko ta rasa ƙarfin hawa, ba na gaggawar ɗaukar sifana. Hayaƙi nake fara dubawa. Baƙi, yawanci iska ce ba ta isa. Fari, ko ruwa ya shiga gazuwal, ko man bai ƙonewa daidai. Daga nan filtar iska, filtar mai, sannan tiyo ko yana shan iska. Sai in sassauta injekta, masu fesa mai cikin inji, ɗaya bayan ɗaya. Wadda na sassauta muryar inji ba ta sauya ba, ita ce ta mutu. Pompo, wato famfon da ke rarraba mai, shi ne na ƙarshe, don shi ne mai tsada, kuma ba kasafai yake da laifi ba.

Abin da ya kayar da ni ƙarami ne. Wani direba ya kawo motarsa, na ce filta ce ta toshe. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Filta? Kai ɗan boko, kira mini babba. Wannan ciwon pompo ne.” Mutanen da ke zaune suka yi dariya. Na sauya filta, mota ta tashi lafiya, amma ko sannu bai ce mini ba.

Da wani ya zo da irin ciwon, sai na ji bakina ya ce, “Pompo ne.” Nan take ya koma kirana Malam, har da aiko mini da shayi. Na kwance pompon, na wanke shi, na mayar, na sauya filta a ɓoye. Ya tafi yana faɗa wa mutane ya ga gwani. Girman nan ya fi mini kuɗin daɗi.

Daga wankewa na koma musanya. In cire lafiyayyen pompo, in sa tsoho da na ɗan gyaggyara, in kai mai kyan garin Ɗan Issa in sayar. Baba idonsa ya yi rauni, kuma ya yarda da ni.

Sai ga Malam Sani, mai lambu a bakin tabki. Shi da ƙannensa suka haɗu suka sayi tsohuwar mota don kai tumatir Maradi. Ya ce, “Ɗana, tana rawa kamar mai zazzaɓi, ga kaya sun nuna.” Minti biyar ya ishe ni: tiyo ne ya tsage yana jan iska. Na ce pompo ne. Na yi musanya kamar kullum.

Kwana huɗu bayan haka motar ta mutu a hanya da tsakar rana, kwandunan tumatir cike. Kafin a jawo ta, rabin kayan ya zama ruwa. Makanikin da ya buɗe ta a Maradi ya ce pompon ya gama aiki tuntuni. Ƙanen Malam Sani kuwa shi ya sayo sabo da hannunsa watanni kaɗan kafin nan, ya san nasa. Jandarmomi suka zo gareji. Baba bai zage ni ba. Ya ce, “Ashe ka san ciwon motar tun farko?” Na ce e. Ya ce, “To wannan ya fi sata muni.”

Shekara ɗaya da rabi na yi a gidan kaso. Kowace safiya wata mota tana kawo itacen girki, ina jin ta ta bayan katanga tana tari, tana neman mutuwa in ta tsaya. Sati uku ina saurare. Ranar da aka sa mu sauke itacen, na daure na ce wa direban, “Yaya, akwai ruwa a manka. Kwance ƙasan filta ka tsiyaye a kwalba.”

Ya ce, “An ce mini pompo ne.”

Na ce, “Ni ma na sha faɗin haka. Shi ya kawo ni nan.”

Ya yi dariya, ya tsiyaye. Ruwa ya kwanta a gindin kwalba, man yana sama. Washegari motar ta shigo muryarta sumul. Ban samu ko dala ba, amma ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba.

Da na fito na je lambun Malam Sani. Ya bar ni tsaye ya gama ban ruwan kwami guda, sannan ya ce, “Na yafe. Amma motata ba za ka sake taɓa ta ba.” Har yau bai kawo ta ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu na koma karatun makanikanci, ina aiki a gindin bishiyar bedi da akwatin sifanuna. Na daina gyara a ɓoye. Mai mota yana tsaye nake aiki, in sa masa tiyo mai haske ya ga kumfar iska da idonsa, in ba shi tsohuwar filtarsa ya tafi da ita.

Ƙannena masu koyon sana’a, wanda ya kawo muku abin da bai sani ba, amanarsa ya kawo. Kada dariyar mutane ta sa ku ƙara wa ciwo girma. In filta ce, ku ce filta ce, ko da za a kira ku yara. Ni na so a ce mini Malam, aka ce, kuma na ga inda ya kai ni.