Masa Biyu a Bakin Hanya

Shekara ashirin da wani abu na yi ina jan mota tsakanin Konni da Tawa. Da na aje tuƙi na buɗe shagon kayan gyaran mota kusa da tasha, sai zama ya same ni, tumbi kuma ya samu wuri. Ban damu ba sai da gwiwoyina suka fara ƙara in na tashi daga sujada. Matata ta matsa mini na je likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya auna jinina, ya dubi cikina, ya ce, "Alhaji, ka rage nauyi. Ka riƙa tahiya da ƙasa kullum da sahe, ka rage mai da sukari."

Ɗiyata ta fari tana hutun makaranta a lokacin. Ita ta sa mini wani abu a waya mai ƙirga taku. Ta nuna mini lambar da ke ƙasa, ta ce, "Baba, wannan sunanta kalori. Abin da jikinka ya ƙone ke nan na abinci."

Na fara fita bayan sallar asuba, in bi hanyar Tsarnawa har in wuce garake, wato lambunan bayan gari, in juyo. Tafiyar ta yi mini daɗi. Iska da sanyi, masu amalanke suna gaishe ni, wasu tsofaffin abokan tuƙi suna danna mini oda suna dariya. In na tsaya na duba waya, sai in ga lambar ta hau. Ni kuwa direba ne, abin da na sani shi ne in mota ta ƙone mai, sai a mayar mata da shi. Na ce to, jiki ma haka ne.

A bakin gari akwai taubashiyata, ɗiyar kawuna, mai suyar masa. Tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ranar farko da ta gan ni da zufa, ta aje cokali ta ce, "Bawana, wa ya koro ka? Zamna ka ci, kada ka hwaɗi a ce ni na kashe ka."

Na zauna na ci uku. Washegari na ci biyar, don na ƙara nisa. Kafin sati biyu na kai bakwai da yaji da man gyaɗa, in kora da fura. Kuma in na isa gida ba na cewa komai, in zauna in sha kunun da matata ta dama, in ci abin da ta aje. A raina duk hakkina ne, ai na yi aiki.

Bayan wata ɗaya da rabi na je wurin wani abokina dillalin albasa, na hau sikelinsa gaban jama'a, ina jiran a yi mini barka. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce na ƙaru da kilo biyu a kan awon da ya yi mini kafin in fara fita. Na ce sikelinsa ya lalace. Bai yi gardama ba. Ya sa aka ɗauko buhun siminti daga shagon maƙwabcinsa aka ɗora, allura ta tsaya cak a kan hamsin. Duk rumfar ta kwashe da dariya, har da ni, amma na koma gida da haushi.

Sai na juya gaba ɗaya. Na ce daga yau in na dawo tafiya, ruwa kawai zan sha har azahar. Na riƙa wuce taubashiyata ina kallon wani gefe, tana kirana ina ɗaga mata hannu. Kwana uku na yi haka, ina faɗa da duk wanda ya shigo shago. Rana ta huɗu, a kan hanyar dawowa, sai na ga gari yana juyawa. Na zauna gindin wata bishiyar bedi na kasa tashi. Ɗan kabu-kabu ne ya kai ni gida.

Matata ba ta yi mini faɗa ba. Ta ba ni kunu, ta jira na sha, sannan ta ɗauki mayafinta ta ce mu koma wurin majo. A can na faɗi komai, har masa bakwai ɗin da ba ta sani ba. Ta dube ni ta ce, "Ashe shi ya sa taubashiyarka ke gaishe ni da hwara'a haka."

Majo ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce waya kintace take yi, sau da yawa takan faɗi fiye da abin da aka ƙone. Ya ce, "Kuma kai so kake jiki ya taɓa ajiyarsa. In ka mayar mishi da duk abin da ya kashe, yaushe zai taɓa ta? Amma yunwa ma ba magani ba ce. In ka dawo ka ci ɗan abu, sau guda, ba sau biyu ba."

A ranar matata ta je wurin taubashiyata, suka ƙulla abinsu. Washegari na zauna a benci, aka miƙo mini masa biyu. Na nemi ta uku, ta rufe kwano ta ce, "An hana ni. Tashi ka ba masu ci wuri."

Haka muka ci gaba. Ran da na ci masa a hanya, kunu kaɗai nake sha a gida. Ran da ban tsaya ba, in ci kwaɗon zogale ko ɗan wake. Nauyin bai sauka da gudu ba, sai da damina ta wuce aka girbe hatsi kafin in kai wandunana biyu wurin tela ya rage musu ƙugu. Yanzu ran Lahadi matata kan fito mu tafi tare, kuma ta fi ni sauri. Sai ta yi nisa ta tsaya ta juyo, ta riƙe ƙugu tana jirana, ta ce, "Alhaji, ɗago ƙahwa mana, rana na yi."