Fankar da Na Bayar Kafin Tafiya Tsibiri

Ko na so in manta da ranar da aka ce in shirya tafiya tsibiri, zafin Alƙahira ba zai bar ni ba. A bazarar 2013 ne, ina ɗan aike a wani kamfanin injiniyoyi a unguwar Abbasiya. Ni ne mai shayi, ni ne mai ɗaukar kaya. Karatuna kuwa bai wuce gane lambar motar unguwarmu Hayyin Ashir ba.

Kamfaninmu ya samu aikin duba wani filin jirgin sama a wani tsibiri. Wurin dutse ne tsaye a cikin teku, babu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai aka kafa ginshiƙan kankare a bakin ruwa aka ɗora titin jirgi a kai. Gishirin teku yana cin ƙarfen da ke cikin kankare, shi ya sa ake zuwa dubawa. Bashmuhandis Magdi, wato babban injiniyanmu, ya nuna mini hoto ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ammu Sale, kai za ka riƙe mana kayan awo."

Na ce, "Ya Bashmuhandis, in jirgi ya zarce fa?"

"Ma'alish, ba komai, sai ka koyi iyo."

Na koma gida na yi abin da iyayenmu ke yi kafin muguwar tafiya. Na bi maƙwabta ɗaki ɗaki ina neman gafara. Fankata, wadda ita ce duk dukiyata, na kai wa Malam Adamu, Bahaushen Sudan da muke haɗa bango. Ya ce, "Aro ne ko kyauta, ya zol?" wato ya kai mutumin nan. Na ce kyauta, mamaci me zai yi da iska? Ya kira shaidu, ni kuma na yaba hankalinsa.

Da jirgi ya doshi sauka, dutse a dama, ruwa a hagu, na runtse ido na karanta duk surorin da na iya. Ba su da yawa, sai na maimaita. Muka sauka lafiya lau.

Washegari muka shiga ƙarƙashin titin. Suna ƙwanƙwasa ginshiƙai da guduma suna sauraro: in ƙara ta fito tas, kankare lafiya, in ta yi kamar tulun da babu ruwa, a shafa jan fenti. Da azahar Bashmuhandis ya shimfiɗa jarida a gindin ginshiƙi ya fito da burodi da cuku. Jirgi ya sauka a kanmu, ƙasa ta yi rawa, shi ko taunarsa bai fasa ba.

Na ce, "A nan za mu ci?"

Ya ce, "Ginin da ban iya cin abinci ƙarƙashinsa ba, ba na sa masa hannu. Yalla, zauna."

Na zauna na ci. Har na ƙara.

Na dawo Alƙahira da raina, na tarar da Malam Adamu kwance, fankata tana hura masa ciki. Ya yi mini barka da arziki, ya ce, "Khalas, shi ke nan, kyauta ta tabbata, ga shaidu. Amma ƙofata a buɗe take."

Ku yara masu shigowa aikin nan, injiniyan da ya zauna ƙarƙashin gininsa ku yarda da shi tun daga ofis. Ni sai da na je na gani, shi ya sa na ƙare bazarar ina sallama kafin in sha iskar fankata.