Muryar Inna a Cikin Kile

Ranar rabon gadon yayana, kawu ya shimfiɗa tabarma a zaure ya kasa kaya kashi-kashi. Na ce ni ordinatar nake so, wato kwamfutarsa. Marigayi ya yi mata wata dabara: da ka sa kod, lambar sirrin shiga, kafin komai ya buɗe, sai muryar Inna ta fito tana sa albarka. Ya ɗauki muryar ne shekarar da ta rasu, tana tsince dabino a tsakar gida. Ba mu da wata muryar tata sai wannan.

Ƙananan kaya, rediyo da caja da wata ƴar kile mai jan zare, irin wadda ake soka wa ordinatar a ajiye bayanai, suka faɗa a rabon ƙanena da ke Kelle. Ko kallonsu ban yi ba.

Da na koma gida na kunna. Na sa kod, fuskar ta yi baƙi, ta dawo tana neman kod. Haka na wuni. Na zagi yatsuna, na zagi wutar Gure da ba ta da alkawari.

Wani abokin aikina na lekol, makarantar da nake koyarwa, wanda ya koyi gyara a Damagaram, ya zo bayan la'asar. Ya danna maɓalli uku tare, rubutu tsagwaro ya fito a kan baƙin allo. Ya buɗe umarnin da marigayi ya rubuta, layi huɗu kacal.

"Malama, lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Ce mata ya yi ta fara kunna murya daga kile, sannan ta buɗe. Da ta rasa kilen sai ta koro ki waje. Ina kilen?"

Nan take na kira ƙanena.

"Wayyo Yaya, ai na goge ta na zuba kiɗan biki. Tarkace ne kawai a ciki."

Tarkace! Na kashe waya ba sallama.

"In toshe layin?" mai gyara ya tambaya.

Na ce ya toshe. Alama ɗaya ya sa a gaban layin, ta buɗe tsaf, hotuna da takardu duk suna nan. Yana ta murna aiki ya yi kyau. Na kawo masa ruwa na yi godiya.

Ƙanena ya zo da salla, na zuba masa tuwo, mun gaisa. Ban yafe masa ba, kuma na fi jin haushin kaina da ban ɗaga jan zaren nan daga tabarma ba. Har yau in na sa kod sai in ɗan dakata, na kasa kunne. Ita kuwa ta riga ta buɗe.